Shanun Birnin Kudu Ba Su da Tozo

Jawabin da kwamitin ziyarar ilmi ya gabatar a taron Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, reshen Wudil

 



A zaman da ya gabata kun ɗora mana nauyi guda: mu je Birnin Kudu mu gano da idonmu ko duwatsun da ake ba da labarinsu sun cancanci a kwashi ɗalibai a kai su, ko kuwa suna ne kawai ya fi jiki. Mun je, mun dawo lafiya, alhamdu lillahi. Amsarmu ita ce sun cancanta, amma da sharaɗi. Kafin mu kai ga sharaɗin, muna roƙon ku yi haƙuri ku bi mu tafiyar daga farko, domin a hanya muka fara karatun, kuma a can muka ga abin da ya sa muka sunkuyar da kai.

Ranar Asabar muka tashi, bayan sallar asuba, malamai 14 da yara 4 daga cikin 'ya'yan membobi. Yaran ba sa cikin lissafinmu na farko. Iyayensu ne suka rasa inda za su bar su, mu kuma muka karɓe su da ɗan gunaguni. Za ku ji yadda gunagunin ya ƙare.

Ba mu yi nisa da wuce Darki ba taya ta fashe, da aka ciro ta ajiya kuma sai aka tarar ba iska a cikinta. Muka zauna a gindin wata darbejiya muna jiran mai faci. A nan ne ɗaya daga cikinmu, wanda tarihi ya karanta amma shekara da shekaru darasin zamantakewa yake koyarwa, ya tambaye mu ko mun san ƙasar da za mu ratsa. Muka ce Takai mana. Ya ce to, wannan Takai da muke wucewa a guje ita ce sansanin da Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya riƙa zama don tare harin Ningawa a kudancin ƙasar Kano. Kuma a 1893, da Sarki Bello ya rasu aka naɗa ɗansa Tukur, can Yusufu ɗan Maje Karofi da 'yan uwansa suka yi ƙaura suka ja daga. Wannan shi ne mafarin Basasar Kano. Yusufu bai ga ƙarshenta ba, a Garko ya rasu, nan maƙwabtanmu, ragamar ta koma hannun ƙanensa Alu, wanda ya shiga birni a 1894.

Muka yi tsit. A cikinmu akwai wanda ya yi shekara 9 yana koyarwa a ƙasar Garko, ya rantse bai taɓa gaya wa ɗalibansa wannan ba, don shi ma ba a gaya masa ba. Ba mu ga laifinsa ba. An cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a wajajen 2009, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da mayar da shi. Yaran da suka yi karatu a wannan tsakani, wasunsu yau suna zaune a ɗakin nan a matsayin malamai. An mayar da darasi a takarda, amma wanda zai koyar da shi sai an fara koya masa.

Da hantsi muka isa Birnin Kudu. Ga wanda bai taɓa zuwa ba, gari ne madaidaici, yau a Jihar Jigawa yake, amma har zuwa 1991 da aka yanki Jigawa daga Kano jiharmu ɗaya da su, don haka kada kowa ya ɗauka baƙunta muka je. Abin da ke fara tarar ido shi ne duwatsu, manya-manya, mulmulallu, wani bisa wani, kai ka ce da hannu aka ɗora su. Ba can bayan gari kaɗai suke ba. Gidaje sun matso har gindinsu, awaki na hawa da sauka, mata na shanya a kansu. Muka karya da koko da ƙosai a bakin titi, muka leƙa ƙofar tsohuwar Kwalejin Gwamnati, wadda ta yaye manyan mutane da yawa na tsohuwar Jihar Kano, ciki har da Alhaji Aliko Ɗangote, wanda jami'ar kimiyya da fasaha ta garinmu ke ɗauke da sunansa yau. Daga nan muka nemi ma'aikatan hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa, wadda wuraren ke ƙarƙashin kulawarta. Muka yi gaisuwa, muka faɗi abin da ke tafe da mu, aka haɗa mu da wanda zai yi mana jagora.

Duwatsun da ake zuwa dominsu suna da sunaye: Dutsen Habude, Dutsen Mesa, Dutsen Murufu, da wasu. Zanen ba a fili yake ba. A ƙarƙashin dutse yake, inda wani ƙaton falale ya yi rumfa ya kare shi daga ruwan sama da zafin rana, sai mutum ya duƙa, wani wurin ma sai ya tsuguna. Kuma ido ba ya kama shi nan take. Da farko jirwaye kawai za ka gani, ja-ja, kamar inda jar ƙasa ta taɓa bango. Sai ka ɗan jima tukuna ƙafafu su fito, sannan gadon baya, sannan ƙaho.

Ba za mu ɓoye muku ba, gwiwar wasunmu ta yi sanyi. Mun saba da hotunan littafi masu ƙyalli, mun zo da tsammanin wani abin mamaki. Har wani ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yanzu wannan muka ƙona wa mai?"

A daidai nan ne wata yarinya 'yar aji 5, cikin yaran nan da muka ɗauka da gunaguni, ta ja rigar mahaifinta ta ce, "Baba, ai waɗannan ba shanu ba ne."

Ya ce, "Shanu ne mana, ba ki ga ƙaho ba?"

Ta ce, "Na gani. To ina tozon?"

Muka sake duƙawa. Wallahi babu tozo. Gadon bayan a miƙe yake tun daga wuya har gindin wutsiya. Jagoranmu ya yi dariya ya ce, "Malamai, 'yarku ta riga ku. Abin da masana suka fara lura da shi ke nan." Kakan yarinyar dillali ne a Kara. Tun tana goye take ganin shanu, ta san bunaji fari, ta san rahaji ja mai dogon ƙaho, ta san bokolo, kuma a duniyarta ba a yi sa marar tozo ba. Mu malamai 14 mun kalli zanen da idon wanda aka gaya masa abin da zai gani. Ita ta kalle shi da idon wadda ta san dabba.

Ga ma'anar abin da ta gani. Shanun da suka cika kasuwarmu ta Juma'a, masu tozo, asalin irinsu daga nahiyar Asiya yake, ta gabashin Afirka suka shigo, sannan suka bazu zuwa yamma. Kafin su akwai shanu a ƙasashen nan, marasa tozo, wasu masu dogon ƙaho, wasu masu gajere. Irinsu bai ƙare a duniya ba. Muturu, ɗan gajeren san nan na kudancin Nijeriya, ba shi da tozo. Haka shanun kuri na bakin Tafkin Chadi masu kumburarren ƙaho, haka ndama na ƙasar Gini. Muturu da ndama kuma suna da wata baiwa da namu ba su da ita: suna jure sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa dabba a ƙasa mai duhuwar daji. Ashe ke nan wanda ya tsuguna a ƙarƙashin dutsen nan ya yi zane, garken da ya sani ba irin namu ba ne. Ya zana abin da yake kora kullum, kuma abin nan ya gushe daga ƙasar nan har jikar dillali ba ta gane shi ba. Daga tozo guda da babu, sai ga tambayoyi sun ɓarke a tsakaninmu: yaushe masu tozo suka iso, su wa suka kawo su, yaya dajin wurin yake a lokacin, me ya sa na farkon suka ja baya? Mun yi kusan awa guda a tsugune muna gardama, har da malamin lissafi.

Wannan shi ne babban abin da muka ɗauko muku daga Birnin Kudu. Mun daɗe muna ɗaukar ɗan Wudil a matsayin tulu marar komai da za mu cika da sunayen sarakuna da shekarun sarautarsu. Alhali yaron da ya tashi a bakin Kara, ko a gidan masunta a bakin kogi, ko a gidan masu ginin tukwane, ya zo aji da ilmin da za a karanta tarihi da shi. Abin da ya rasa shi ne a kai shi gaban shaida a ce masa, "Me ka gani?" A aji, mu ke tambaya mu ke da amsa. A gaban dutse kuwa, malami da ɗalibi duk baƙi ne, wanda ya fi lura shi ne gaba.

Akwai kuma duwatsun kiɗa. Dutse ne kamar kowane, sai an ɗauki ɗan ƙanƙara an buga shi ya amsa da ƙara kamar kuge, nan da sauti kaza, can da wani dabam. Wuraren da ake bugawa sun lotsa sun yi santsi kamar guraben dara, kuma dutse mai taurin nan ba ya lotsawa da bugun shekara ɗaya ko na tsara ɗaya. Wani Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952 kuma sunansa ya shahara da gumakan Nok, shi ya kai labarin irin waɗannan duwatsu ga masana bayan ya gan su a Birnin Kudu a 1955. Daga nan aka shiga lura da su a wasu wurare a Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka. A takardun Turawa akan ce shi ya gano su. Wani dattijo da ya tarar da mu a wurin ya ji muna faɗin haka, ya yi murmushi ya ce, "'Ya'yana, da ya zo ai mu ya tambaya hanya." Ko da wasa yake, maganarsa ta zauna. Ya ƙara da cewa a zamanin iyayensa 'yan mata kan zo wurin da ƙawayensu gab da biki su yi kiɗa da waƙa. Muka ce, "Baba, yanzu fa?" Ya ce yanzu sai awaki.

To, ga abin da ya sa muka sunkuyar da kai. A jikin ɗaya daga cikin duwatsun, tazarar tafin hannu daga zanen, akwai sunaye. An rubuta wasu da gawayi, wasu da alli, wani ma da ƙusa aka karce. Suna, da aji, da shekara. Rubutun boko ne mai kyau, baƙaƙen a tsaye, babban baƙi a farkon suna kamar yadda muke koyarwa. Ba makiyayi ne ya yi ba, ba mai fasa dutse ba. Ɗan makaranta ne. Ba mu san daga wace makaranta ba, ba mu kuma nemi sani ba, domin ko daga ina yake, malami ne ya koya masa riƙe alli, kuma wataƙila malami ne ya kawo shi wurin ya juya baya yana amsa waya. Zanen da ya tsira daga damina da rani tun kafin kakannin kakanninmu, abin tsoronsa yau shi ne motar ɗalibai. Jagoranmu ya ce wasu baƙin har ruwa suke watsa wa zanen don launin ya fito a hoto, ba su san kowace watsawa tana tafiya da wani abu daga jikinsa ba.

Ba mu kaɗai wannan ta taɓa ci ba. A Faransa akwai kogon Lascaux, wanda wasu samari suka yi tuntuɓe da shi a 1940, cike da zanen dawaki da bijimai na mutanen farko. Aka buɗe shi ga jama'a a 1948. Numfashin 'yan kallo da ɗumin jikinsu kaɗai suka fara lalata zanen, har dole aka rufe shi a 1963, daga baya aka gina kwaikwayonsa a kusa don masu ziyara. Su numfashi ya kusa cinye nasu. Mu da muke zuwa da gawayi da ƙusa fa?

Sai magana ta biyu, wadda muka san tana zukatan wasu a ɗakin nan, don an faɗa mana ita tun kafin mu tashi, kuma wanda ya faɗa dattijo ne da muke girmamawa. Ya ce, me zai kai 'ya'yan Musulmi wurin da aka yi tsafi a zamanin jahiliyya? Ba mu ɗauki tambayar da wasa ba, domin iyaye za su yi mana ita, kuma wanda ya ba ka amanar ɗansa yana da haƙƙin ya ji amsa. Abin da muka gani shi ne, ba wanda ya je neman tabarruki, ba abin da ake roƙo a wurin. Sa ne a jikin dutse, da dutse mai ƙara. Malamin addinin Musulunci da ke cikin tafiyar ya tunatar da mu cewa Alƙur'ani mai girma a wurare da dama ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa don lura da yadda al'ummomin da suka gabata suka ƙare. Ya ce shi wa'azi ya gani: mutum ya yi garke, ya so shi har ya zana shi, yau ba shi, ba garken, ba ko sunansa.

Alhazanmu kuma sun san mutanen Indunusiya a Makka da Madina, sun ga yawansu da natsuwarsu. A tsibirinsu na Java akwai Borobudur, ƙaton ginin dutse na mabiya addinin Buda da aka gina a ƙarni na 9, kafin Musulunci ya kafu a can. Garuruwan da ke kewaye da shi, irin su Muntilan, mafi yawan mutanensu Musulmi ne. Gwamnatinsu da taimakon UNESCO ta warware ginin ta sake jera shi tsakanin 1975 da 1982, aka sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1991. Ɗalibai mata da lulluɓinsu suna zuwa can mota-mota tare da malamansu, su koma gida da addininsu. Duk da haka, mu a kwamiti ra'ayinmu shi ne kada a tilasta wa kowa. Uban da bai natsu ba, a bar masa ɗansa, ba tare da an rage wa yaron maki ko an yi masa gori ba.

Yanzu sharaɗin. Muna ba da shawara reshe ya amince da wannan ziyara sau ɗaya a shekara, a lokacin sanyi, don da bazara dutsen kan yi zafin da ba a iya dafa shi. Amma shekarar farko ta zama ta malamai zalla. Wanda bai taɓa tsugunawa a wurin ba kada ya jagoranci yara. Idan an fara kai ɗalibai, kada su wuce abin da ido zai iya riƙewa, mu a ganinmu yara 8 ga malami guda, kuma kada a kai 'yan mata sai da malamai mata. A shiga rumfar dutsen rukuni-rukuni. Alli da gawayi da biro mai fenti su tsaya a mota, ruwan sha ya tsaya nesa da zanen, hannu kuma ya tsaya a jikin mai shi. Fensir da takarda kaɗai za a shiga da su, kowane yaro ya zana abin da ya gani kafin kowa ya gaya masa sunan abin. Mun gwada wannan da yaranmu 4, uku daga cikinsu suka ƙara wa san tozo da kansu, don hannunsu ya saba. Wannan ma darasi ne da za a yi mako guda ana tattaunawa a aji.

Batun mota ba ma so a yi masa sassauci. Hanyar nan manyan motoci ne ke bin ta, kuma kun ji yadda tayarmu ta yi. A duba mota tun ana gobe tafiya, har da tayar ajiya, kada a yi lodin da ya wuce kujeru, a kuma baro Birnin Kudu da la'asar sakaliya don a shigo Wudil kafin magariba. Takardar izinin iyaye da ta hukuma su kasance a hannu mako biyu kafin ranar. Mu tamu takardar ta kwana 11 a kan wani tebur kafin a sa mata hannu.

Inda muka kasa haɗa baki shi ne kuɗi, shi ya sa muka kawo muku shi yadda yake. Wasunmu na ganin a nemi iyaye su biya kuɗin mota. Wasu na ganin idan aka yi haka, ɗan mai hali ne zai je, a bar ɗan mai tura baro a Kara, alhali shi ne zai fara ganin babu tozo. Su suna so a ware wani abu daga asusun walwala na reshe, a nemi gudummawar tsofaffin ɗalibai da ƙungiyoyin iyaye da malamai, a zaɓi yara ta hanyar ƙuri'a. Masu ra'ayin farko suka ce asusun walwala na mara lafiya ne da iyalan mamaci, kuma kowa ya san yadda albashi yake isa wata. Duka ɓangarorin suna da gaskiya, kuma ba mu da hurumin yanke wannan. Naku ne.

Kafin a yanke, akwai abin da ba ya bukatar ko sisi. Gaya na nan kusa da mu, garin da ruwayar Kanawa ke cewa daga can maƙeran farko suka tashi neman tama har suka sauka a gindin Dala. Garko na nan. Kara na nan kowace Juma'a, da dattawan da za su iya gaya wa yaro daga wace ƙasa kowane sa ya fito da ganin ƙahonsa kawai. Malaman da ke son shiga rukunin farko na shekara mai zuwa su ba sakataren reshe sunayensu kafin a tashi. Zanen yaran nan 4 kuma mun manna su a bango kusa da ƙofa, na mai tozo uku, na marar tozo ɗaya, ga duk mai son dubawa a kan hanyarsa ta fita.

Shugaba, mun mayar maka da amanar da aka ba mu.